Idon Ruwa a Hagu

In kana son sanin daɗewar mace a aikin ulu a ƙauyenmu, ba fuskarta za ka duba ba. Hannunta za ka duba, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na Bossan eje, wato inna Bossan, babu silin gashi ko ɗaya a kansu. Sun yi sulɓi, sun yi duhu, kamar ƙotar gatarin da aka gada. Ruwan zafi da sabulu da gashin tumaki ne suka lashe su sannu a hankali, tun tana yarinya mai kitso huɗu har ta zama tsohuwar da ake aika wa idan za a yi wa jariri wankan farko.

A gidan ubanta, can bakin hamada, mata masaƙa ne. Yayyenta sukan wuni a durƙushe suna ƙulla zare ɗaya bayan ɗaya, darduma guda ta cinye musu shekara. Ita Bossan ba a ba ta wannan haƙurin ba. Ƙullinta kullum a karkace, tana yi tana leƙen waje. Da kakarta ta gaji da warware mata aiki, sai ta ja ta bayan gida, inda ake yin ɗaya dardumar, wadda ba saƙa ta ake yi ba, murza ta ake yi. Nan yarinyar ta sami abin da ya dace da jikinta. A shimfiɗa asabari a ƙasa, a jera zanen ado a kansa da rinannen ulu, fuskarsa tana kallon ƙasa, sannan a lulluɓe shi da farin ulu mai kauri har ya ɓace. A yayyafa ruwan zafi, a naɗe, a ɗaure, a yi ta mirginawa ana dannawa, har gashi ya kama gashi su zama fata ɗaya. Mai aikin ba ta ganin fuskar abin da ta yi sai an gama an birkito shi. Kakar takan yi dariya ta ce shi ya sa masu murza suka fi masaƙa yawan addu'a.

Zanen kuwa guda ne tun kaka da kakanni: ƙahon rago. Ƙaho a dama, ɗan'uwansa a hagu, ja cikin baƙi, baƙi cikin fari. Bossan ta yi shi a dardumar aurenta, ta yi shi a na 'ya'yanta mata, ta yi wa masallaci, ta yi wa maƙwabta. Ko idonta a rufe, hannunta ya san inda ƙaho yake lanƙwashewa.

Aure ne ya kawo ta nan gindin tsaunukan Kopetdag, gidan Hojaguli makiyayi, dogon mutum mai ƙarancin magana a gida, mai yawanta a cikin garke. Duk shekara, da zarar ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa, sai su kwashi kaya su hau Kwarin Arca, su kafa bukkarsu ta ulu, ba sa saukowa sai sanyin kaka ya koro su. A can ta haifi Ashir, babban ɗansu. A can kuma ta binne wata 'ya da ba ta kai yaye ba. Kowace safiya takan tsaya a ƙofar bukka da ƙwaryar madara a hannu, ta bi mijinta da kallo yana hawa da tumaki. Idon ruwa a damanta, yana tsattsafowa daga ƙarƙashin wani baƙin dutse. Tsohuwar bishiyar arca a hagunta, wadda iska ta karkatar tun ba a haife su ba. A tsakaninsu siririyar hanya ta miƙe sama har ta shige wuyan tsauni. Ba ta taɓa ɗaukar wannan abin kallo ba ne. Ƙofar gida ce kawai.

A shekarar da abin ya faru, ana gab da hawa, Hojaguli ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana ɗaure wa jaki kaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibitin gari, aka dawo da shi da ƙafa mai ja, da hannu mai nauyi, da harshen da ya ɗan yi kauri. Likita ya ce jikin zai iya dawowa, ko ba duka ba, in dai mai shi zai motsa shi, ya ci abinci, ya zauna a rana. Ashir ya hau da garke shi kaɗai. Ranar da ƙarar ƙararrawar tumaki ta wuce ta bayan katanga, ta yi nisa, ta ɓace, Hojaguli ya juya fuskarsa ga bango. A haka watannin zafi suka zo suka wuce.

Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Da ma yana yi, da Bossan ta sami abin kamawa.

“Baban Ashir, ga romo. Maisa matar ɗanka ta marmasa maka gurasa a ciki.”

Bai juyo ba.

“Da ɗuminta, yanzu aka fito da ita daga tanderu.”

“Ajiye.”

“Na jiya ma ajiyewa na yi. Kare ya ce a yi maka godiya, sai dai gishiri ya yi kaɗan.”

A da, wannan ta isa ta sa ya kira ta tsohuwa mai bakin almakashi. Yanzu sai kafaɗarsa ta hagu ta ɗan motsa, shi ke nan. Da Ashir ya sauko ɗaukar gari da gishiri, ya durƙusa kusa da shi ya ce, “Baba, bari in kai ka a mota har inda hanya ta ƙare, sauran mu ɗora ka a jaki.”

“Ni buhun gishiri ne?” in ji tsohon, bai ko waiwayo ba. Ita ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a wannan watan.

Tazegul, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, wadda aka kawo su ƙauyen amare a kaka ɗaya ita da Bossan, ba ta iya ɓoye magana. Ta leƙa ɗakin wata rana, ta fito, ta zauna a dakalin tanderu ta ce, “Na san irin wannan kwanciyar, nawa mijin ya yi ta. Ba ciwon ne ke ɗaukar su ba, bangon ne. In hunturu ya riske shi a haka, ba zai ga bazara ba.”

Bossan ta riga ta sani. Ita ce ke canza masa riga, ta fi kowa sanin yadda ƙasusuwan bayansa suka fito.

Da kaka ta yi, aka yi askin tumaki a can sama, Ashir ya sauko da garke da buhunan ulu. Ulun kaka shi ne na murza, gajere ne, mai taushi, yana kama juna da wuri. Bossan da Maisa, matar Ashir, wadda ake kira gelin, wato matar ɗa, suka shiga jidar buhunan zuwa bayan gida, hanyarsu kuwa ta ƙofar ɗakin majinyacin ce. Wani buhu ya yage a bakin ƙofa, ulu ya zubo, ƙamshin tazargade da hayaƙi da raɓar tsauni ya cika wurin. Bossan ta sunkuya tana tattarawa, sai ta ga bayan mijinta ya ɗaga. Ya ja numfashi mai tsawo, ya riƙe, kamar mai ƙishin da aka miƙa wa moɗa. Kansa ya ɗan taso daga matashi. Sannan ya koma.

Ta je bayan gida ta zauna a kan buhu, ta daɗe ba ta motsa ba. Mutumin nan ya ƙi a kai shi kwari, kuma ya ƙi kallon komai sai bango. To, bangon za ta canza masa.

Rini ya ɗauke ta kwanaki. Ɓawon rumman ya ba ta rawaya, saiwar jeji ta ba ta ja, shuni ya ba ta shuɗi, ta tsoma rawaya a shuni ta sami kore. Baƙi ba ta rina ba, na baƙaƙen tumaki ta ware. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙa haɗa launi biyu a mataji tana sharcewa tare, domin tsauni da safe ba toka ba ne, ba shuɗi ba ne, kuma akwai wani ja-ja da ke kwanciya a kafaɗarsa kafin rana ta leƙo. Maisa tana miƙo mata, ba ta tambaya. Yarinya ce mai kunya, har yanzu da bakin mayafi take rufe bakinta a gaban surukinta, kuma bai taɓa jin muryarta a fili ba.

Ranar jera zane, suka shimfiɗa asabari a inuwar inabi. Bossan ta durƙusa a gefensa na ƙasa, daidai yadda take tsayawa a ƙofar bukka, ta fara. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Tazegul ta shigo da ƙoƙon shayinta a hannu. Ta zagaya asabarin, ta sake zagayawa.

“Ina ƙahon?”

“Babu ƙaho.”

“Ragon ya mutu ne?”

“Kwarin Arca ne. Ga idon ruwa nan a dama, ga bishiya a hagu.”

Tazegul ta karkata kai ta ƙanƙance ido. “Ni dai abin da nake gani, kamar akuya ta ci kayan rini ta dawo da su.”

“Idonki ne ya tsufa.”

“Idona ƙanen naki ne, kada ki manta. Kuma wa zai zauna a kan idon ruwa? Baƙo ya zo ki ce masa bismillah, aga, ranka ya daɗe, hau tsauni ka sha shayi?”

“Ba ta zama ba ce. Ta bango ce.”

Tazegul ta dubi tagar ɗakin da Hojaguli yake kwance. Ta ajiye ƙoƙonta, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa.

“Shuɗin nan ya yi yawa. Ruwan can kore-kore ne, saboda gansakuka. Miƙo mini, gelin, kada uwar mijinki ta mayar mana da shi teku.”

Haka suka wuni. Kwari ya riƙa tasowa daga cikin asabari kamar yadda yake tasowa daga hazo. Bossan ta ja siririn farin ulu ta yi hanya, ta bar ta tana siracewa har ta ɓace a wuyan tsauni. Ta mulmula 'yan dunƙule farare ta watsa su a kanta, ba kai ba ƙafa, amma duk wanda ya taɓa kiwo ya san tumaki ne. Bishiya ta yi ta da baƙi da kore, a karkace yadda take. A gindinta ta ajiye wani ɗan tsinken ulu mai launin toka wanda bai fi kan yatsa ba. Maisa ta miƙa hannu za ta cire shi, a zatonta datti ne. Tazegul ta riƙe mata hannu, ta girgiza kai.

Da suka gama, Maisa ta ɗauki farin ulu tana yagarsa tana zubawa daga sama. Ya rufe bishiya, ya rufe hanya, ya rufe ruwa. Bossan ba ta taɓa ganin kwarin a hunturu ba, kullum sun sauko kafin lokacin, amma ta san haka yake rufuwa.

Washegari matan layi suka zo murza, kamar yadda aka saba, kowa da tsohuwar rigarta. Aka tafasa ruwa a babbar tukunya, Bossan ta tsoma tsintsiya tana yayyafawa, tururi yana tashi da warin tumaki. Aka naɗe asabari, aka ɗaure da igiya, aka yi ta jansa gaba da baya a tsakar gida ana taka shi. Sannan aka kwance, aka cire asabarin, aka sake naɗewa, matan suka jeru a durƙushe kafaɗa da kafaɗa, suka ɗora hannuwansu a kai, a tura, a jawo, a tura, a jawo. Ana yi ana gulmar wanda ya sayi saniya mai tari, ana tsokanar Maisa da cewa hannunta har yanzu da gashi kamar na ɗan rago. Tazegul tana nishi tana cewa in ta mutu a kan naɗin nan a binne ta a ciki, ta huta da likkafani.

Da la'asar darduma ta kama, ta yi tauri, ta tsuke. Aka ɗauraye ta, aka matse. Mata suka kama kusurwa-kusurwa, Bossan ta yi bismillah, aka birkito ta.

Launukan sun shiga juna, babu inda wani ya tsaya wani ya fara. Tsauni ya yi nisa, ciyawa ta matso kusa, ruwan kamar ka sa hannu ka ɗiba. Wata daga cikin matan ta ce a hankali, “Ashe ulu yana iya wannan.” Bossan ta ji ƙirjinta ya buɗe. Ta ja da baya ta tsaya a gefen ƙasa, ta ɗaga hannun dama don ta nuna musu inda take ɗiban ruwa. Hannunta ya nuna bishiya.

Idon ruwa yana hagu. Bishiya tana dama. Hanya ta karkata inda ba ta taɓa karkata ba.

“Ta wancan gefen za ki tsaya,” in ji Tazegul. Suka juya dardumar, tsauni ya koma ƙasa, ciyawa ta hau sama. Suka mayar da ita.

“A dama na sa shi,” in ji Bossan. “Ke ma kina nan. Da hannunki kika sa koren.”

“A dama muka sa shi, wannan ko a gaban alƙali.”

Maisa ce ta matso, ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, babban yatsa yana nuna katanga. Ta birkita hannun, yatsan ya koma yana nuna tanderu. Ta janye hannunta cikin mayafi.

Tsofaffin suka dubi juna. A tsakaninsu sun murza dardumomin da za su rufe ƙauyen nan, kuma kowace sai da aka birkita ta. Amma ƙahon dama da na hagu tagwaye ne, ko sun yi musayar wuri babu mai sani. Duk tsawon rayuwarsu aikinsu yana fitowa a juye, ba wadda ta taɓa lura.

Saƙa ana warware ta. Murza ba a warware ta, abin da ya kama ya kama.

“Ba zai gane ba,” in ji Tazegul.

“Mutumin da ke gane tunkiyarsa da tarinta?”

“To ki rataya masa madubi, ya riƙa kallo ta ciki.”

Babu wadda ta yi dariya sosai. Bossan ta shanya dardumar a kan katanga, fuskarta a ciki. Kwanakin da ta yi tana bushewa, tsohuwar ta yi ta saƙa da warwara. Ta kai masa kwarin ƙarya, ya ga ko matar da ta zauna da shi a can ba ta riƙe shi daidai ba, ya ƙara nutsewa? Ko ta naɗe ta jefa a rumbu, a bar shi da farin bangonsa? Sanyin safiya ya fara cizo. Ranar da ta ga ko shayi ya bar rabi, ta kira Ashir ta ce ya ɗauko guduma.

Ashir ya tsallaka ƙafafun ubansa ya kafa ƙusoshi. Hojaguli ya rufe ido tun bugun farko, bai buɗe ba har suka fita. Bossan ta tsaya a bayan ƙofa tana saurare har ƙafarta ta gaji. Ba ta ji komai ba. Abincin rana ya dawo yadda ya shiga, na yamma ma haka.

Da safe ta shiga ɗaukar kwano. Ta sunkuya ke nan ta ji murya, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

“Uwar Ashir.”

“Na'am.”

“Wa ya matsar mini da idon ruwa?”

Ta ajiye kwanon a hankali. “Wane idon ruwa?”

“Kada ki raina mini hankali. Tun jiya nake kallonsa. Na kwana ina neman yadda zan shayar da tumaki, ruwa ya gudu hagu.”

“Ƙila girgizar ƙasa aka yi bayan saukowarka.”

“Girgizar ƙasa.” Ya yi tsaki, tsakin ya fito a karkace, amma tsaki ne. “Shekara nawa kina ɗiban ruwa a wurin nan? Da wane hannu kike ɗaukar guga?”

“Da wanda ba ya riƙe da ɗanka.”

Ya dafa gwiwar hannunsa ta hagu, ya yunƙura. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta tura matashi da ƙafa ya shige bayansa. Ya jingina yana haki, idonsa a kan bango. Ya daɗe yana bin hanyar da kallo, daga ƙasa har wuyan tsauni, ya dawo. Sai idonsa ya tsaya a gindin bishiya.

“Kin sa dutsen yarinyar.”

“Na sa.”

“Ita ma kin mayar da ita dama.”

“Tana tare da bishiyarta dai.”

Daga waje ana jin Maisa tana kiran kaji.

Can Bossan ta ce, “Ka ɗauka dawowa kake yi da yamma. In kana saukowa, ai ruwa a hagunka yake.”

Ya juyo ya dube ta. Rabon da ta ga fuskarsa gaba da gaba ta manta. Ta rame, gemun ya yi buzu-buzu, amma idon nasa ne.

“In saukowa nake, tsauni a bayana yake, ba a gabana ba. Ina bukka? Ina hayaƙi? Ina filin ƙasa da ke can nesa? Ke abin da kika gani daga ƙofa kika yi, shi ma kin juya shi. Ba ki taɓa hawa kin ga abin da nake gani ba.”

“Wa zai dafa maka abinci in na hau?”

“Akwai sauran ulu?”

“Fari akwai. Rinanne ya ƙare, sai in Tazegul za ta ba da nata.”

“Wannan marowaciyar.”

“Ina jin ka, Hojaguli aga,” in ji Tazegul daga bakin taga, inda ta daɗe a laɓe. “Gara da kana kallon bango, ka fi ladabi.”

Kwanakin ɗumi na ƙarshen kaka ba su da yawa, don haka ba a ɓata lokaci ba. Ranar da aka shimfiɗa asabari na biyu, Hojaguli ya ce ba zai yarda a sake yi masa ɓarna a bayan idonsa ba. Ashir ya shiga ƙarƙashin kafaɗarsa, ƙafa ɗaya tana takawa ɗaya tana ja, suka fito. Hasken ya sa shi ya runtse ido. Aka zaunar da shi a bakin asabarin, aka jingina shi da buhun ulu, aka ɗora masa hularsa ta fatar rago wadda ta yi masa yawa yanzu.

Ya fara faɗa, su suna jerawa. Daga wuyan tsauni da yamma, in ji shi, kwarin yana buɗewa kamar tafin hannu. Inuwa ta riga ta cika shi rabi. Can bayansa filin ƙasa ne, rawaya, har inda ido ya gaji. Bukka kuwa 'yar mitsitsiya ce, kamar rabin ƙwai da aka kife, hayaƙinta yana miƙewa sannan iska ta karya shi wajen gabas. Maganar tana fita da ƙyar, wata kalmar sai ya sake ta, amma babu wanda ya taya shi. Bossan tana ji tana mamaki. Shekaru tana zaune a cikin wannan rabin ƙwan, ba ta san haka take ba daga sama.

“Ruwa a hagu,” in ji shi.

Ta ɗauki kore ta ajiye a dama.

“Hagu na ce. Kin ga irinta ko? A gabana ma.”

“Birkita ta za a yi, Baban Ashir.”

“Sai me?”

Ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, ta birkita masa shi yadda Maisa ta yi. Ya dubi hannun, ya dubi asabari, ya sake duban hannun.

“Wato duk abin da na faɗa, kishiyarsa za ki yi.”

“Ƙwarai.”

“To ai ba sabon abu ba ne.”

Dariya ta kuɓuce wa Maisa, a fili, ta cikin mayafi. Tsohon ya ɗaga kai yana neman inda sautin ya fito. “Ashe gelin tana da murya,” ya ce. Yarinyar ta tashi da gudu ta yi wajen tanderu. Da ta dawo, da gurasa mai zafi ta dawo, ta ajiye a kan cinyarsa ba tare da ta dube shi ba. Yana cikin gardama da Tazegul a kan launin inuwa, hannunsa na hagu ya gutsuri gurasar ya kai baki. Bossan ta gani. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da gyara hayaƙi.

Rana ta karkata, zane ya kusa cika. Maisa ta jawo buhun farin ulu za ta fara rufewa.

“Dakata,” in ji Hojaguli. “Akwai wani ja a ƙofar bukka.”

“Wane ja?” in ji Bossan.

“Wata mace mai jar riga. Hannu a ƙugu. Tun daga sama nake gane cewa faɗa take yi, tun ban ji me na yi ba.”

“Ni ban taɓa ganinta ba. Kai da ka san inda take tsayawa, sa ta da kanka.”

Ta tsinko ɗan jan ulu ta mulmula. Ya miƙo hannun hagu, ta wuce shi, ta ɗora a tafin na dama, wanda ke kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya harare ta. Ba ta ɗauke ba. Yatsun suka yi rawa, suka tsaya, suka sake yi, sannan babban yatsa ya lallaɓo ya danne ulun a jikin manuni. Ashir ya tallafe shi ta baya, ya sunkuya, hannun ya tafi a hankali a kan filin rawaya, a kan hayaƙi, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya saki. Jan ya faɗi ɗan nesa da ƙofa, wajen hanya.

Tazegul ta kai hannu za ta gyara, Bossan ta ce, “Bar ta. Taryarsa ta fita yi.”

Farin ulu ya fara sauka a kan kwarin. Hojaguli yana kallo har jan ya ɓace. Ya koma ya jingina da buhu, ya share goshi da hular.

“Ban yarda da inuwar nan ba,” ya ce. “Sai na gani da idona. Ashir, jakin nan yana nan?”

“Yana nan, Baba.”

“A kula da shi. In bazara ta yi akwai kayan da zai hau da su.”

“Buhun gishiri?” in ji Tazegul.

Bai kula ta ba. Ya dubi gurasar da ke cinyarsa, saura ɗan gefe, ya dubi matarsa.

“Tsohuwa, haka ake ba mutum gurasa gaya a gidan nan? Ina romon?”